Filin Maracanã: ina sauran mutum 120,000 suka shiga?

Sabon Ɗalibi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana tarihin ƙwallo ce da kuma masana gini. An ce ranar da Uruguay ta doke Birazil a gasar kofin duniya ta 1950, mutum 199,854 ne suka kalli wasan a filin Maracanã da ke Rio de Janeiro. Amma a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014, a wannan filin dai, 'yan kallo ba su cika 75,000 ba, kuma bayan gyaran 2013 kujerunsa 78,838 ne. Tazarar ta haura 120,000. Shin rushe shi aka yi aka gina ƙarami a gurbinsa, ko kuwa lissafin 1950 ne aka ƙara wa gishiri? In kuma ginin nan ne dai bai canja ba, ta yaya wuri ɗaya zai rasa fiye da rabin mutanensa? A taimaka da bayani dalla-dalla.

Malam Na-Tarihi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba a ƙara gishiri ba, kuma ba a ƙanƙanta ginin ba. Bangonsa na waje yana nan inda aka kafa shi, mai siffar ƙwai, tsawon mita 317, faɗin mita 279, tsayin mita 32. Cikinsa ne aka yi ta yi wa aski har sau uku.

Ka fara gane yadda 'yan Birazil ke ƙirga 'yan kallo. Lissafi biyu suke bugawa bayan kowane wasa: waɗanda suka sayi tikiti, da waɗanda suka halarta gaba ɗaya. Ranar 16 ga Yuli 1950, masu tikiti 173,850 ne. Adadin 199,854 ya haɗa da baƙin gwamnati, 'yan jarida, jami'an tsaro, ma'aikata da waɗanda suka samu hanyar kutsawa ba kuɗi, kuma hanyoyin kutse ba su yi wuya ba tunda ginin bai kammala ba. Don kada a ce abin na rana ɗaya ne: a watan Disamba 1963, Flamengo da Fluminense sun tashi babu ci a gaban mutum 194,603, wanda har yau babu wasan ƙungiyoyi da ya kai shi. Ranar 31 ga Agusta 1969 kuma, da Birazil ta ci Paraguay 1–0 da ƙwallon Pelé a wasan neman gurbin kofin duniya, an sayar da tikiti 183,341. Wato a lissafin masu biya, wasan 1969 ya ma fi na 1950.

Asalin wurin filin sukuwa ne na Derby Club. Sunan kuma na wani ɗan kogi ne da ya ratsa unguwar, shi ma ya samo shi daga wani irin aku a harshen Tupi. Da Birazil ta samu baƙuncin gasar 1950, an yi ta kai ruwa rana kan inda za a gina filin. Kansila Carlos Lacerda ya dage a kai shi Jacarepaguá, can bayan gari, ya kuma ce kuɗin ya yi yawa. Ɗan jarida Mário Filho, mai jaridar Jornal dos Sports, shi ya yi ta rubutu babu ƙaƙƙautawa cewa a tsakiyar gari ya kamata, kusa da layin jirgin ƙasa, inda talakan arewacin birnin zai iya zuwa ya koma gida a daren. Magajin gari Mendes de Moraes ya bi bayansa. Shi ya sa da Mário Filho ya rasu a 1966 aka sa wa filin sunansa, kuma shi ne sunan hukuma har yau, ko da yake babu mai kiransa da shi.

An aza harsashi ranar 2 ga Agusta 1948, saura ƙasa da shekara biyu a fara gasa. Masu zanen gini bakwai ne suka haɗa hannu. Leburori 1,500 suka fara, aka ƙaro wasu 2,000 a watannin ƙarshe, har FIFA ta turo Ottorino Barassi daga Italiya, wanda ya shirya gasar 1934, don ya taimaka a cim ma lokaci. An buɗe shi ranar 16 ga Yuni 1950. Wasan farko tsakanin zaɓaɓɓun 'yan wasan Rio da na São Paulo ne, Didi ya fara jefa ƙwallo a raga, amma baƙin suka ci 3–1. A lokacin katakon kafinta na nan jingine a jikin ginin, bandakuna da wurin 'yan jarida ba su kammala ba. Sai a 1965 aka gama aikin.

Wasan 1950 ɗin kuwa ba ma wasan ƙarshe ba ne a tsari. Ƙasashe huɗu suka yi zagayen kowa-da-kowa. Birazil ta lallasa Suwidin 7–1 da Sifaniya 6–1, tana da maki 4, tunda a lokacin maki 2 ake ba wanda ya ci wasa. Uruguay ta yi kunnen doki da Sifaniya, ta sha da ƙyar a hannun Suwidin 3–2, tana da maki 3. Canjaras kawai Birazil ke buƙata. Friaça ya ci wa Birazil a minti na 47. Kyaftin ɗin Uruguay, Obdulio Varela, ya ɗauki ƙwallon ya rungume, ya tsaya jayayya da alƙalin wasa George Reader kan satar gida, ba don yana sa ran a soke cin ba, sai don ihun ya lafa. Schiaffino ya rama a minti na 66 daga ƙwallon da Ghiggia ya kawo masa daga dama. A minti na 79 Ghiggia ya sake tsere wa Bigode ta wannan gefen. Golan Birazil Barbosa ya zaci zai sake miƙawa tsakiya, ya ɗan matsa daga turken kusa, shi kuwa ya buga ta wannan 'yar kafar. Barbosa ya ɗauki laifin har ya koma ga Mahaliccinsa a 2000. Farar rigar da 'yan Birazil suka sa ranar ma ba ta tsira ba: an yi gasar zane a 1953, wani matashi Aldyr Garcia Schlee ya fito da rawayar rigar da aka san su da ita, aka fara sa ta a 1954. Ghiggia ya rasu ranar 16 ga Yuli 2015, shekara 65 cif da cin nasa.

Saukar adadin ta zo ne a matakai: bayan haɗarin ɓallewar shinge a 1992, sannan gyaran 1999–2000 da ya mai da shi kusan 103,000, sannan na 2005–2007 da ya kai shi kusan 87,000, sannan na 2010–2013. Injiniya ya fi ni sanin abin da aka taɓa a kowanne.

Injiniya ya rubuta:

Allah ya gafarta Malam, ka share mini hanya. Amsar a taƙaice lissafin murabba'in mita ce.

Kujera ɗaya a filin zamani tana cin faɗin kusan santimita 50, kuma daga layi zuwa layi kusan santimita 80. Ka ninka, mutum ɗaya ya ci murabba'in mita 0.4, wato mutum biyu da rabi a kowane murabba'in mita, tun kafin a cire hanyoyin wucewa, matakala, wurin masu keken guragu, ɗakunan manya da teburan 'yan jarida. A tsaye kuwa, ƙa'idar da Birtaniya ke bi ta yarda da mutum 47 a murabba'in mita 10, kusan ninki biyu ke nan, kuma wannan iyakar aminci ce. Ranar da ba mai ƙirgawa, ana cusa shida ko bakwai a murabba'in mita ɗaya, inda mutum ba ya iya ɗaga hannu ya sosa kai.

Tsohon Maracanã hawa uku ne. A sama akwai arquibancada, zoben dakalin kankare tsirara, babu kujera babu lamba, kuma nan ne mafi yawan jama'a. A ƙarƙashinsa akwai zoben kujeru. Can ƙasa daf da fili akwai geral, wurin tsayuwa mai ɗaukar kusan 30,000, da gwalalo mai zurfin kusan mita 3 tsakaninsa da ciyawa don kada a afka wa 'yan wasa. A takarda an tsara shi don kusan 155,000. Sauran dubu arba'in ɗin matsi ne kawai: dakalin da ba a raba shi ba, ba ya cewa ya cika. Wanda aka yi don mutum goma zai ɗauki sha huɗu in kowa ya karkata kafaɗa, wasu kuma su zauna a kan matakalar wucewa. Da aka dasa kujeru masu lamba a kan dakalin nan a 1999–2000 saboda gasar ƙungiyoyin duniya ta farko, wadda Corinthians ta ci Vasco da fanareti a Janairu 2000, dubun-dubatar gurabe suka ɓace ba tare da an fasa bulo ko ɗaya ba.

Batun 1992 ya cancanci a tsaya a kansa. Ranar 19 ga Yuli, kafin a take wasa na biyu na ƙarshen gasar ƙasa tsakanin Flamengo da Botafogo, shingen gaban arquibancada ya ɓalle a ɓangaren magoya bayan Flamengo, mutane suka zubo kan kujerun ƙasa. Uku suka mutu, gommai suka jikkata, aka kuma buga wasan a hakan. Daga baya aka rufe filin na watanni. Shingen gaban bene ba ado ba ne. Idan layi talatin na mutane a tsaye suka karkato gaba lokaci guda, nauyin yana taruwa ne a kan layin farko. Shi ya sa shingen tare jama'a na zamani ake gwada shi da turi har na kusan kilo 500 a kan kowace mita. Kuma ba kasafai sandar ke karyewa ba. Gindinta ne ke tsigewa, inda ƙusa ta shiga kankare, domin nan ruwa ke kwanciya shekara da shekaru yana cin ƙarfen a ɓoye. Fenti a sama ba ya nuna wannan. Sai an ja shi da na'ura an auna.

Gyaran 2005–2007 na wasannin nahiyar Amurka ne: aka share geral, aka sauke ƙasan filin da sama da mita ɗaya, aka miƙo kujerun ƙasa suka maye gurbinsa. Me ya sa sai an sauke fili? Saboda layin gani. Ana so idon wanda ke zaune ya wuce saman kan na gabansa da kusan santimita 9 idan yana kallon layin gefe mafi kusa. Geral kusan a shimfiɗe yake; wanda ke tsaye yana iya ɗaga dunduniya ko ya matsa gefe, wanda ke zaune ba shi da wannan damar. To ko ka ɗaga kujeru, ko ka sauke ciyawa.

Na 2010–2013 shi ne babban aiki. An rushe hawan ƙasa gaba ɗaya, aka zuba sabo mai gangara da ya haɗe da na sama suka zama kwano guda, layin farko ya matso daga kusan mita 30 zuwa ƙasa da 15. Filin wasan kansa ya ragu daga mita 110 da 75 zuwa 105 da 68. Aka ƙara hanyoyin hawa huɗu a kan manyan biyun asali, don a iya kwashe jama'a cikin minti 8. Wannan ƙa'idar ita ma tana yanke adadi: ko kana da wurin zaman mutum 100,000, in ƙofofinka ba za su fitar da su a kan lokaci ba, ba za a ba ka izinin shigar da su ba.

Sai rufin. Tsohon na kankare ne da ya miƙo kusan mita 30 babu ginshiƙi a gabansa, abin alfahari a 1950. Tsarin farko shi ne a bar shi a ƙara masa tsawo. Da aka bincika sai aka tarar rodin ciki ya yi tsatsa ƙwarai. Yadda abin ke faruwa: sabon kankare yana kare rodi da kansa, amma iska tana ratsa shi a hankali tana kashe wannan kariyar, gishirin iskar teku kuma yana ƙara gudu, ga Maracanã ba nisa da gaɓar Guanabara. In tsatsa ta kama, tana kumbura ninki biyu zuwa shida na ƙarfen da ta ci, ta tsaga kankaren daga ciki, ruwa ya ƙara samun hanya. A rufin da ya miƙo irin wannan, rodin da ke ɗauke da nauyi yana ta sama ne, daidai inda ruwan sama ke sauka. Kusa da teku ana so kaurin kankaren da ya lulluɓe rodi ya kai santimita 4 zuwa 5. Ginin da aka zuba dare da rana don cim ma ranar buɗewa ba kasafai yake samun wannan daidai a ko'ina ba.

Sabon rufin ka ɗauke shi kamar wilin keke da aka kwantar. Zoben ƙarfe na waje yana zaune a kan ginshiƙai 60 na asali, igiyoyin ƙarfe suna tafiya daga gare shi zuwa zobban ciki kamar sifok, an ja su sun yi tauri, aka shimfiɗa tamfol na zaren gilashi mai rufin Teflon a kai. Ya miƙa kusan mita 68, yana rufe kashi 95 na kujeru, kuma bai kai nauyin tsohon ba. Raunin irin wannan rufin shi ne yana son kulawa: a riƙa duba taurin igiyoyi, a share magudanan ruwa, domin in ruwa ya taru a wuri ɗaya tamfol zai lotsa, lotsawar kuma ta ƙara tara ruwa.

Hajiya Mai Lissafi ta rubuta:

Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ka sa abin ya yi kama da dole. Rabin dole ne, rabi zaɓi.

Shingen da ya ruɓe dole a canja shi, ƙofofi dole a faɗaɗa su, babu mai gardama. Amma tsayuwa kanta ba ita ce ta kashe mutane a 1992 ba. Daga bene suka faɗo, ba daga geral ba. Dortmund har gobe tana tsayar da kusan mutum 25,000 a bayan raga ɗaya, da shinge a tsakanin layuka da ƙirga mai tsauri a ƙofa, in wasan ƙasa da ƙasa ya zo ta mai da wurin na zama. Rio ta ga dama ta yi haka. Ba ta yi ba, saboda wanda ke tsaye a geral ba ya kawo kuɗin da ɗakin manya ke kawowa.

A san su waye aka kora. Tikitin geral shi ne mafi arha a filin, na leburan da ya sauko daga jirgin ƙasa da canjin aljihunsa. Har suna aka yi musu, geraldinos, na sama kuma arquibaldos. Ba sa ganin wasa da kyau, shi ya sa kowa da 'yar rediyonsa manne a kunne. Babu shinge tsakanin magoya bayan ƙungiyoyi biyu, kuma in an juya raga bayan hutun rabin lokaci sai su zagaya su bi 'yan gabansu. Na sama kan jefo musu abin da bai kamata a faɗa ba a cikin kofi. Ba aljanna ba ce. Amma ɗan wasan da ya ci ƙwallo wurinsu yake rugawa, kuma su ne fuskokin da kyamara ke nema. Zico ya ci ƙwallo 333 a filin nan, kusan duk a gabansu. A 2005 aka rufe wurin. Hujjar Mário Filho tun farko ita ce filin da kowa zai iya shiga, sai ga shi an bar sunansa a ƙofa an cire dalilinsa.

Ga kuɗin kuma. An ƙiyasta aikin 2010 a kan kusan real (kuɗin Birazil) miliyan 700, ya ƙare sama da biliyan 1, daga aljihun jihar Rio, shekaru kaɗan bayan an kashe wasu miliyoyin a gyaran 2007 wanda aka rushe mafi yawansa. Hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa, IPHAN, ta sa filin cikin abubuwan da ba a taɓawa tun 2000, amma ita ce ta amince a sauke rufin a 2011, abin da ya jawo ƙorafin masu gabatar da ƙara na tarayya. A Maris 2013 'yan sanda suka fitar da 'yan asalin ƙasar da ke zaune a tsohon ginin gidan tarihinsu da ke gefen filin. An so a rushe shi tare da filin guje-guje na Célio de Barros da wurin ninƙaya na Júlio Delamare don a yi wurin ajiye motoci da shaguna. Zanga-zangar shekarar ta sa gwamnati ta janye. Ana saura kwana uku wasan sake buɗe filin tsakanin Birazil da Ingila, wata alƙaliya ta dakatar da shi saboda ɓaraguzan da ke zube a kewaye, aka ɗage umarnin a ranar, aka buga 2 ga Yuni aka tashi 2–2. Gwamnan lokacin, Sérgio Cabral, an kama shi a Nuwamba 2016, kuma cikin zarge-zargen har da karɓar kashi 5 na kwangilar filin.

Abin da ya biyo bayan Olamfik na Rio a 2016 ya fi komai nuna inda matsalar take. An ba wa haɗakar kamfanoni ƙarƙashin Odebrecht hayar filin na shekara 35 a 2013. Kwamitin Rio 2016 ya karɓe shi don bukukuwan buɗewa da rufewa, da wasan da Neymar ya ci fanaretin ƙarshe a kan Jamus ranar 20 ga Agusta. Da aka zo mayarwa, kamfanin ya ce ba a haka ya bayar ba, ba zai karɓa ba. Kwamitin kuma ba shi da ko sisi. Jihar ta talauce. Sakacin mai kaza, ribar shaho. A Janairu 2017 kamfanin lantarki ya yanke wuta saboda bashi, ciyawa ta bushe, dubban kujeru a tsige, ɓarayi suka kwashe talabijin da wayoyin tagulla, har da mutum-mutumin Mário Filho na tagulla. Wata biyar kacal bayan duniya ta gama kallon wurin. A 2019 jiha ta soke hayar, Flamengo da Fluminense suka karɓi ragama, a 2024 kuma suka ci hayar shekara 20. Su ne ke buƙatar filin kowane mako, don haka su ne ke biyan kuɗin wuta.

Sabon Ɗalibi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Ƙarin tambaya biyu: me ya sa ake yawan kukan ciyawar filin alhali an kashe wannan uban kuɗin? Kuma yanzu me ya rage na 1950 a wurin?

Mai Ban-Ruwa ya rubuta:

Ciyawar, rufin da Injiniya ya yaba ne ya ja mata. Irin da ake shukawa a Rio Bermuda ce, 'yar uwar ƙiri-ƙiri, mai son zafi, kuma tana buƙatar rana kai tsaye ta awa 6 zuwa 8. Rufin da ya miƙo mita 68 ya rage bakin sama. Rio tana kudu da tsakiyar duniya, don haka a lokacin sanyinsu, Yuni zuwa Agusta, rana tana karkata arewa tana tafiya ƙasa-ƙasa, inuwar rufin ta kwanta a kan ɓangaren arewa na filin. Daidai lokacin ne Bermuda ke rage girma, kuma daidai lokacin ne gasar ƙasa ta yi zafi. Kwanon da aka rufe kuma ba ya samun iska, raɓa ta daɗe a kan ganye, cutar fumfuna ta samu wurin zama.

Maganin da ake yi: a watsa irin ciyawar sanyi a kan Bermuda kafin hunturu, a jawo fitilu masu ƙafa a kunna su dare da rana a inda inuwa take, a riƙa huda ƙasa ana cika ramukan da yashi don saiwa ta sha iska, a yanke ta a tsayin santimita 2 zuwa 2.5. A ƙarƙashi akwai kusan santimita 30 na yashi a kan tsakuwa da bututun janye ruwa. Yashi yana shanye ruwan sama da sauri, amma ba ya riƙe saiwa. In ciyawa ta yi rauni, takalmi ɗaya zai ɗago ta kamar tabarma. Shi ya sa a 2022 aka dinka zaren roba a cikin ƙasar, kusan kashi 10, don saiwa ta nannaɗe shi.

Duk wannan ba ya maganin yawan wasa. Yawancin manyan filayen Turai ƙungiya ɗaya suke ɗauka, wasa 25 zuwa 30 a shekara. Maracanã na ɗaukar biyu, wani lokaci Vasco ma ta nemi aro, a wasu shekarun wasanni su haura 60, Laraba da Alhamis, Asabar da Lahadi. Gaban raga yana son kwana biyar zuwa bakwai ya farfaɗo, ana ba shi awa 24. A gasar Copa América ta 2021 wasa ɗaya tak aka kai can, na ƙarshe, wanda Ajantina ta ci 1–0 da ƙwallon Di María, kuma sai da aka rufe filin aka gyara ciyawar tukuna.

Malam Na-Tarihi ya rubuta:

Tambayarka ta biyu, ƙanena. Bangon waje da ginshiƙansa 60, manyan hanyoyin hawa guda biyu, da wani ɓangare na ƙashin hawan sama da aka ɗora sabbin kujeru a kai. Gwalalon da geral sun tafi. Sunan ma ya kusa tafiya: a Maris 2021 majalisar jihar Rio ta amince a mai da shi na Pelé, wanda ya ci ƙwallonsa ta 1,000 a can da fanareti a ragar Vasco ranar 19 ga Nuwamba 1969. Jama'a da iyalan Mário Filho suka yi ca, majalisar da kanta ta nemi gwamna kada ya sa hannu.

Akwai kuma abin da ba na kankare ba. Lokacin ginin kuɗi ya yanke wa hukumar birni, sai ta sayar da kujeru tun kafin a kafa su, wasu na 'yan shekaru, wasu na har abada. Na har abadan kusan 5,000 ne, ana gadonsu, ana sayar da su kamar fili, kuma mai riƙe da takardar yana shiga wasa ba tare da sayen tikiti ba. Kujerun da kakanninsu suka saya an rushe su tuntuni, amma haƙƙin ya bi su zuwa sabon kwanon. Da FIFA ta karɓi filin a 2013 da 2014 ta ce kowace kujera tata ce, sai da gwamnatin jiha ta biya masu takardun diyyar wasannin da aka hana su shiga, wasunsu kuma suka garzaya kotu.